Wanda na koya wa aiki aka ɗora a kaina, yanzu yana kirana biri

Wasiƙar wannan mako daga wani ɗan'uwa ce mazaunin Yelwa a garin Bauchi. Na taƙaita ta, na kuma cire sunan kamfanin da na ƙasar da masu shi suka fito, kamar yadda ya roƙa.

"Assalamu alaikum Malam. Ni injiniya ne, a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa na yi karatu, kuma shekarata shida ke nan ina aiki a wani kamfanin gina hanya na baƙi 'yan ƙasar waje. Bara suka kawo wani yaro daga ƙasarsu. Ni na nuna masa yadda ake karanta zanen kwalbati, ni na zaga da shi wurin aiki. Bayan 'yan watanni aka ce shi ne shugabana. Albashinsa da nawa ko kusa. A sansaninmu banɗakinsu daban, wurin cin abincinsu daban, har firjin ruwan sha ba a yarda baƙin mutum ya buɗe ba. In aiki ya yi kyau sunansa ake sa wa a rahoto, in ya lalace sai a ce mu baƙaƙe ba mu da tunani. Makon jiya a gaban leburori ya kira ni biri. Na kai ƙara wurin manajan ma'aikata, ɗan Najeriya ne kamar ni, ya ce in yi haƙuri haka suke, in kuma ba na so akwai mutum ɗari a bakin ƙofa suna jiran gurbina. Ina da mata da 'ya'ya uku, mahaifiyata ma a hannuna take. Ba na iya barci. Wani lokaci sai in ce ko ni ne na cika ɗaukar abu da zafi. Abokaina wasu sun ce in sharara masa mari in tafi, wasu sun ce in tona musu asiri a Facebook, mahaifiyata kuwa haƙuri kawai take ba ni. Malam, ina mafita?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

Abin da ake yi maka wariyar launin fata ce, kuma ba ka cika ɗaukar abu da zafi ba. Wanda ya tsaya a gaban yaran da kake ba umarni ya kira ka biri ya san abin da yake yi sarai: so yake ya zubar maka da girma a idon waɗanda gobe za ka ce su haƙa nan su cike can. Na fara da wannan ne domin wulaƙanci in ya daɗe yakan sa mutum ya fara zargin kansa, kuma mai zargin kansa ba ya iya tsayawa ya kare haƙƙinsa. Raina ya ɓaci da na karanta wasiƙarka. A ƙasarka, a jiharka, a kan hanyar da kuɗin talakawan Najeriya ke ginawa, a hana ka buɗe firjin ruwa.

Amma ɓacin raina da naka ba zai ci musu komai ba. Kamfani irin wannan ya saba da fushin ma'aikata, ya ga masu zagi, ya ga masu kuka, ya ga masu jefar da hular kwano su fita, washegari kuma an ci gaba da zuba kwalta. Abin da bai saba da shi ba shi ne ma'aikacin da ya natsu, ya rubuta komai da kwanan wata, ya san ofishin da zai nufa. Shi nake so ka zama.

Maganar mari, ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Ranar da hannunka ya sauka a fuskarsa, zagin da ya yi maka ya mutu, labari ya koma na injiniyan da ya doki shugabansa. Za su kore ka ba tare da sisi ba, su kira 'yan sanda, kuma doka za ta kasance tare da su. Abokin da ke zuga ka ba shi zai ciyar da 'ya'yanka ba. Facebook ma ka dakata da shi. Ban ce har abada ba, amma wanda ya fara da shi yakan ba kamfani damar cewa ya ɓata masa suna ko ya fitar da sirrin aiki, sai ka wayi gari kai ne mai kare kai. Mutanen da za su taya ka zagi a ƙarƙashin rubutun, bayan kwana uku sun koma kan wani labarin.

Yanzu mu rarrabe ƙorafinka, don ba duka suke da ƙarfi ɗaya ba. Bambancin albashi shi ya fi yi maka ciwo, na sani, amma shi ya fi wuyar kamawa. Baƙon da aka ɗauko daga ƙasarsa galibi can aka rubuta yarjejeniyarsa, da kuɗin ƙasarsu, da alawus na zaman baƙunci, da gida da mota. Ban ce adalci ne ba. Ina gaya maka ne in da wannan kaɗai ka shiga, lauyan kamfani zai baje takardu ya ce yarjejeniya biyu ce daban, maganar ta tsaya nan. Abin da ba su da amsarsa shi ne zagin, da raba banɗaki da wurin cin abinci bisa launin fata, da tsallake ka a ɗora wanda ka koya wa aiki ba tare da an nuna ta inda ya fi ka ba. Ko nan ma ka lura da kyau: in wurin cin abincin na manyan ma'aikata ne, to kai babban ma'aikaci ne, me ya hana ka shiga? In ƙaramin makanikensu yana shiga, injiniya ɗan ƙasa ba ya shiga, ashe ba muƙami ne ya raba ba. Wannan tambayar ita ce za ta tsaya musu a wuya, don haka ka tabbatar da amsarta da idonka kafin ka yi magana.

Ka sayi ƙaramin littafi a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal, mai ɗinki, wanda in an yage shafi za a gane. A gida zai zauna, ba a ofis ba, ba kuma a kwamfutar kamfani ba. Duk ranar da wani abu ya faru, da ka dawo, kafin ka ci abinci, ka rubuta. Ga irin yadda nake nufi: "Talata, 11 ga wata, wajen ƙarfe goma da rabi na safe, a kwalbati na uku. Wane ya ce mini kaza, ga kalmominsa da Turanci yadda ya faɗe su. Waɗanda ke wurin: direban gireda, foman ɗin birkiloli, leburori huɗu. Na amsa masa da kaza. Ƙarfe biyu na sanar da manajan ma'aikata, ya ce mini kaza." Kada ka rubuta "ya wulaƙanta ni" ko "mugu ne". Abin da ya fito daga bakinsa kawai, da wuri, da lokaci, da shaidu. Alƙali ba ya hukunci da zafin zuciyar mai ƙara, amma shafi ashirin masu kwanan wata da ba su saɓa wa juna ba suna da nauyi ƙwarai. Na makon jiya ma ka rubuta shi yau, tun kana tuna wanda ke tsaye a ina.

Haka nan aikinka. Tunda ana ɗauke sunanka daga rahoto, ka riƙa barin sawu. In ka gama lissafi ko gyaran zane, ka tura ta imel da sunanka maimakon ka miƙa hannu da hannu. In ya ba ka umarnin da ka san zai ɓata aiki, ka rubuta masa a taƙaice cewa ka karɓi umarni kaza, ga shawararka, kana jiran tabbaci. Ranar da kwalbatin ya tsage aka fara neman baƙin da za a ɗora wa, wannan saƙon ne zai tsaya maka. Ka tattara takardar ɗaukarka aiki, da ta tabbatarwa, da takardun albashi, da duk wata takardar yabo, ka yi musu hoto. Iyakarka takardun da suka shafe ka. Kada ka kwashi asirin kwangila ko fayil ɗin wani, domin wannan kaɗai ya isa a kore ka da hujja.

Shaidu kuwa, ka tausaya musu. Leburan da ake biya kullum-kullum ba shi da takarda ko ɗaya, kalma ɗaya za ta raba shi da abincinsa. Ka rubuta sunansa a littafinka, amma kada ka sa shi a takardar ƙorafi sai da yardarsa.

Daga nan sai takardar ƙorafi. Abin da ka kai wa manajan ma'aikata da baki, a wurin kamfani bai faru ba. Gobe zai iya rantsuwa cewa hira kuka yi. Ka rubuta shafi ɗaya, ba zagi, ba barazana: ranar kaza, a wuri kaza, wane ya faɗi kaza, ga kuma tsarin banɗaki da wurin cin abinci, ina roƙon a bincika a ba ni amsa a rubuce cikin mako biyu. Ka faɗi abin da kake so a yi, domin ƙorafin da ba shi da buƙata yakan ƙare a "mun ji". Kana so ya janye maganar a gaban waɗanda ya faɗe ta, kana so a daina raba wuri da launin fata, kana so a gaya maka ma'aunin da ake bi wajen ƙarin girma. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka. In sun ƙi bugawa, ka tura ta imel, ka kuma aika ta kamfanin kai saƙo ka adana rasit. Ka sa babban manajan aikin a cikin waɗanda za su samu kwafi.

Shi manajan nan da ya ce maka haka suke, ya fi yaron ba ni haushi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Baƙo ba ya zuwa ƙasar mutane ya kafa dokar hana su buɗe firji sai ya samu 'yan gida da za su tsare masa ita. Duk da haka kada ka mai da shi abokin gabarka. Tsoron kujerarsa yake ji, kuma takarda mai hatimi takan sauya lissafin matsoraci: yanzu in magana ta fita waje, shi ne wanda aka kai wa ƙara a rubuce ya zauna a kanta. Sau da yawa irinsa ne ke rugawa ya gaya wa manya cewa a kashe wutar nan tun tana ƙarama.

Ga abin da doka ta ba ka, domin ka yi magana da sani. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare mutuncin ɗan'adam ya kuma haramta wulaƙanta shi. Sashe na 42 ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabilarsa, ko asalinsa, ko jinsinsa, ko addininsa, ko ra'ayinsa na siyasa, ya kuma ce ba za a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa ba. Za ka lura bai ambaci launin fata ƙarara ba, kuma lafazinsa ya fi fuskantar gwamnati, shi ya sa lauya mai hankali ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan'adam, wadda Najeriya ta mayar dokar cikin gida a 1983, ta ambaci launin fata da sunansa a sashe na 2, sashe na 15 kuma ya ce aiki iri ɗaya lada iri ɗaya. Akwai yarjejeniya mai lamba 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, wadda ta haramta wariya wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, Najeriya ta amince da ita a 2002. A 2022 kuma ta amince da mai lamba 190, wadda ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki.

Da can waɗannan yarjejeniyoyi ba su da haƙora sosai a kotunanmu. Gyaran tsarin mulki na uku, na 2010, shi ya sauya lamarin. Ya ƙara sashe na 254C, wanda ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron duk rigimar aiki, har da wariya da tsangwama a wurin aiki, ya kuma ba ta ikon yin aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da Najeriya ta amince da su. Ta yi amfani da wannan iko. A 2013 a Legas ta ci wani babban kamfanin kwamfuta na duniya diyya saboda tsangwamar da shugaba ya yi wa wata ma'aikaciya, kuma cikin abin da ta dogara da shi akwai yarjejeniyar Afirka da mai lamba 111. Girman kamfani da baƙuncin masu shi ba su hana ba. Kotun tana da reshe a nan Bauchi, tana kuma da sashen sulhu inda ake iya sasantawa ba tare da doguwar shari'a ba.

Sai dai in gaya maka gaskiya, kotu ita ce ƙofar ƙarshe. Shari'a tana cin lokaci da kuɗi, kuma a kamfani mai zaman kansa abin da aka fi samu diyya ce, ba a cika tilasta wa mai kamfani ya ci gaba da zama da ma'aikaci ba. Amfaninta gare ka a yanzu shi ne su san ka san hanyarta. Kafin ita akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Bauchi, wanda ke iya gayyatar kamfani a zauna, akwai kuma ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, inda ake karɓar ƙorafi kyauta.

Akwai wata ƙofa da ma'aikata ba su cika sani ba, alhali ita kamfanonin baƙi suka fi shakka. Ba a kawo ma'aikaci daga waje haka kawai. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke ba kamfani izinin adadin guraben da baƙi za su riƙe, kowane gurbi da sunan aikinsa, bisa hujjar cewa ana buƙatar ƙwarewar, kuma da sharaɗin a haɗa baƙon da 'yan Najeriya da za su koya daga gare shi su gaje shi. A watan Fabrairun 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5, wanda ya hana ba baƙo izinin shigowa don aikin da akwai 'yan ƙasa masu iya shi. Ban da haka, duk mai aikin injiniya a Najeriya, ɗan ƙasa ko baƙo, sai da rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a ƙasar nan. To dubi labarinka. An shigo da mutum a matsayin ƙwararren da za a koya daga gare shi, sai ga shi ɗan ƙasa ne ya koya masa karanta zane. A wane gurbi aka shigo da shi? Wa aka rubuta a matsayin mai koyo a ƙarƙashinsa? Yana da rajista? Waɗannan tambayoyi ne halastattu, amma kada ka ɗauke su ka je ofishin manaja kana kaɗa masa su kamar mai neman cin hanci. Ba kai za ka yi su ba. Ka kai su reshen Bauchi na Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, ko ƙungiyar ƙwadago, su tambaya da takardarsu mai tambari. Tambayar da za ta sa a kore ka in kai ka yi, in ƙungiya ta yi sai a ba ta kujera da ruwan sanyi.

Shi ya kawo mu kan ƙungiya. Ma'aikatan gine-gine suna da nasu: NUCECFWW ta ƙananan ma'aikata, CCESSA ta manya irinka. Sashe na 40 na tsarin mulki ya ba ka 'yancin shiga. In babu reshe a kamfaninku, sakatariyar jiha ta NLC ko TUC, manyan ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasa, za ta nuna maka wanda za ka gani. Kuma tun kafin nan, ka duba gefenka. Firjin nan ba kai kaɗai aka hana ba. Akwai safiyo, akwai mai kula da sito, akwai akanta, kowa yana haɗiye nasa shi kaɗai yana zaton shi ne mara sa'a. Takardar da mutum takwas suka sa wa hannu ba a yi mata abin da ake yi wa ta mutum ɗaya. Ka fara da mutum biyu da ka yarda da amanarsu, a waje da wurin aiki, don kowane sansani yana da mai kai rahoto.

A nan zan faɗi abin da wataƙila ba ka tambaya ba. Haɗin kan nan ba zai yiwu ba in kun shiga da rarrabuwar da muka saba da ita. A irin wannan kamfani za ka tarar da Bahaushe da Bafulatani da Bajari da Basayi da Ibo da Bayarabe, Musulmi da Kirista, kuma wanda ya kira ka biri bai tambayi garinku ko addininka ba. Mu kanmu muna yi wa juna abin da ya yi kama da wannan: wane ba ɗan jiha ba ne, wane ba namu ba ne, wane asalinsu kaza ne. Lokacin da Abu Zarri ya goranta wa wani mutum da mahaifiyarsa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ce masa ya yi akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Ka duba yadda kake kiran leburorinka, da inda suke shan ruwa, da ko ka taɓa tsaya wa ɗayansu lokacin da aka zage shi. Ba don ina zarginka ba. Don mutanen da suka ga ka tsaya musu su ne za su buɗe baki ranar da ake neman wanda ya ji. Kada kuma zafin mutum ɗaya ya sa ka yi wa duk farar fata kuɗin goro. Mai yiwuwa a cikinsu akwai wanda abin ba ya yi masa daɗi, ko babba a hedikwata da bai san abin da ake yi a daji da sunan kamfaninsa ba.

In ya sake zaginka kafin duk wannan ya nuna, ka tsaya cak, hannuwanka a gefenka, ka dube shi, ka ce da murya daidai yadda na kusa za su ji: "Sunana Injiniya wane. Ban yarda ka kira ni da wannan ba. In akwai gyara a aikin, nuna mini." Kada ka ƙara ko kalma. Ka duba agogo, ka koma bakin aikinka, da yamma ka shigar a littafi. Masu irin wannan hali sun dogara ne da ɗayan biyu, ko ka sunkuyar da kai ko ka fashe. In ba su samu ko ɗaya ba sukan rikice.

Hajiya kuwa, kada ka yi musu da ita. Tsoro take ji kada ka rasa abin da kake riƙe gida da shi, kuma tsoronta yana kan hanya. Ka zauna ka gaya mata ba faɗa za ka yi ba, ba kuma ajiye aiki za ka yi gobe ba, takarda za ka rubuta ka bi ta hannun hukuma, ka roƙe ta addu'a. Haƙurin da take nufi, na riƙe hannu da harshe, shi ne ma abin da nake ba ka. Uwargida ma ka sanar da ita halin da ake ciki, don mutumin da ake ci wa mutunci a waje yakan dawo ya sauke a kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, yara su kasa gane me ya sami babansu. Rashin barcin nan kada ka raina shi. Ka je asibiti a auna jininka, ka gaya wa likita gaskiyar abin da ke damunka, ka adana katin. Lafiyarka ce a gaba, amma katin ma shaida ne.

Kana wannan kana shirin fita, ko da ba za ka fita ba. Mai wata ƙofa a buɗe ba ya magana da rawar murya. In ba ka kammala rajistar COREN ba, ka kammala. Ka sabunta takardar bayanin aikinka, ka lissafa kilomita nawa da kwalbati nawa da gada nawa suka bi ta hannunka a shekara shida. Ka gaisa da tsofaffin abokan karatu da ke ma'aikatun ayyuka da kamfanonin 'yan ƙasa a Bauchi da Gombe da Jos. Ka fara ajiye wani abu duk wata, ko yaya yake. Ka nemi bayanin asusun fanshonka ka gani ko ana zubawa: dokar fansho ta 2014 ta ce mai kamfani ya sa aƙalla kashi 10 cikin 100, kai kuma a cire maka kashi 8. Kamfanin da ke raina ma'aikata a fili sau da yawa yana cin su a nan ma a ɓoye.

Ka kuma karanta takardar ɗaukarka aiki da kundin dokokin ma'aikata layi-layi. Dokar Ƙwadago ta fi rufe leburori da ƙananan ma'aikata, ta cire masu aikin gudanarwa da ƙwararru irinka daga ma'anar ma'aikacin da take karewa, saboda haka wa'adin sanarwa da kuɗin sallama naka suna cikin waɗannan takardu ne. Ka kai su wurin lauyan da ya saba da shari'ar ma'aikata ya duba maka tun yanzu, kafin ka miƙa ƙorafin. Kuɗin zama ɗaya da lauya bai kai asarar kuskure ɗaya ba.

Ka sa a ranka za su iya ramawa. Bayan ƙorafi akan ga takardar tuhuma kan makarar minti goma, ko a tura mutum can wani daji, ko a daina ba shi aiki don ya gaji ya tafi. Don haka a 'yan watannin nan kada ka ba su ko ƙaramar kafa: ka riga kowa zuwa, kada ka taɓa man motar kamfani, kowace tuhuma ka amsa ta a rubuce cikin ladabi ka riƙe kwafi. Ramuwar da ta biyo bayan ƙorafi mai kwanan wata ita kanta hujja ce a hannunka.

In har zama ya gagara ka yanke shawarar tafiya, kada ka rubuta irin takardar nan da aka saba, ta godiya da cewa ka ajiye aiki don dalilin ƙashin kanka. Kotun Ma'aikata ta yarda cewa wanda aka ƙuntata wa har ya rasa yadda zai yi sai ajiye aiki, tamkar korarsa aka yi, amma hujjarsa ta fi ƙarfi in takardarsa ta faɗi dalilin, ta kuma ambaci ƙorafin da ya shigar aka ƙi kulawa. In kuma su suka kira ka ofis suka tura maka takarda, ta ajiye aiki ce ko ta cewa an biya ka duk haƙƙinka ba ka da sauran magana, suka ce sa hannu yanzu ga cakinka, kada ka sa. Ka ce za ka tafi da ita gida ka karanta. In sun hana ka fita da ita, ka nemi ɗaukar hotonta, in sun ƙi wannan ma ka rubuta abin da ka gani a cikinta da zarar ka fito, ka kira lauyanka a ranar.